Baƙin Turkudi a Ranar Farare

Jikata ta shigo mini da waya a hannu, wai in taya su zaɓen yayi, wato ankon da za su sa a sunan ɗan ƙawarta a Asokore Mampong. Ta ce sun tsaya a kan wain da blak. Na ce mene ne kuma wain? Ta tura mini hoton har kan hanci, na duba, ashe ruwan hanta ne da ya kusa zama ja, ga baƙin leshi a ƙarƙashinsa. Na ce, "Ja da baƙi za ku kwasa ku tafi suna? A Kumasin nan?" Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, kala ce kawai fa. Ba wanda ya damu kuraa, ko kaɗan." Ta fita tana latse-latsenta, ta bar ni zaune da tasbaha a hannu, na kasa ja.

Ban ga laifinta ba. Su yanzu tufa ba ta ce musu komai, a waya suke gani, ɗan okada ya kawo musu har ƙofa, su sa sau ɗaya su ɗauki hoto su jefa a ƙasan akwati. Ko sunayen launin ma sun ɓace musu. Mu da muka taso, abin da ido ya saba gani shi muke kiran launi da shi. Ruwan goro shi ne kalar bakin wanda ya tauna goro, ruwan ƙwai kalar gwaiduwa, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hoda na kwalliyar amare, ruwan bula na farin kaya da aka tsoma a bula bayan wanki. Ja in ya kai ja a ce ja wur, baƙi ƙirin, kore shar, fari fat. Yau sai ka ji pich, ka ji nebi, har da wani wai onion, albasa ke nan, kamar mu ba mu san albasa ba. Na yi shekaru masu yawa ina sayar da atamfa a babbar kasuwa, har gwiwoyina suka ce sun gaji, kuma babu zanen da ban san sunansa da abin da yake faɗa ba. Akwai wanda Asantawa ke kira tsakuwar gida, wai yankanta ya fi na waje zafi, mace ta ɗaura shi in danginta sun cuce ta. Akwai kuɗi na da fiffike, akwai dutsen wuya na kirki ba ya ƙara. Mata biyu su yi faɗa su gama a bakin famfo ba wadda ta buɗe baki, zannuwansu sun yi musu. Sai dai ni ba a kasuwa na fara wannan karatu ba, kuma abin da na biya kafin in iya shi ba na yi wa maƙiyina fatansa.

Ina amarya aka kawo ni nan daga wani ƙauye a ƙasar Dogondutsi, a bayan babbar mota tare da buhunan albasa. Duk abin da na mallaka yana cikin akwatin ƙarfe ɗaya, kuma a ƙasansa akwai abu biyu da mahaifiyata ta naɗe da hannunta: zanen turkudi da kallabin barage. Yaran yanzu ba su san turkudi ba. Saƙa ce ta siraran ƙyallaye da ake haɗawa, a rina ta a baba har ta yi baƙi, a buga mata shuni a kan gungume har ta riƙa ƙyalli kamar bayan ƙwaro. In ka sa shi, shunin yana sauka a fatarka, kuma wannan shuɗin da ke kama wuya da hannu shi ne abin alfaharin, don kowa ya san ba tsumma ka sa ba. Barage kuwa jan alharini ne. A garinmu baƙin turkudi na manyan mata ne, ja na amare da farin ciki. Fari tas ba mace ke ado da shi ba, na malamai ne da likkafani. Mahaifiyata ta ce mini, "In kika je inda za a auna ki da ido, ki sa waɗannan. Kada su ce daga gidan matsiyata kika fito." Ban sake ganinta ba har ta koma ga Allah.

Maigidana ɗaurin goro yake yi a Alabar, ya jera goro a ganye, ya yayyafa ruwa, ya ɗaure huhu a loda wa motocin arewa. Kafin in zo a rumfar goron yake kwana. Sai da ya sha yawo da roƙo kafin ya samu ɗaki guda a gidan wata Ba'asantiya da kowa ke kira Maame, doguwa, mai kaurin murya, wadda ba ta dariya sai da dalili. Ɗakin ƙarami ne, amma daɓen siminti ne, kwanon rufinsa ba ya yoyo, ga taga. A Zangon wancan lokaci samun irinsa sai mai rabo. Ranar da na sauka ya zaunar da ni ya ce, "Kin ga ɗakin nan? In muka rasa shi ba mu da wajen zuwa sai rumfa. Ki bi matar nan sau da ƙafa." Na ji, na kuma riƙe. Kafin asalatu na share tsakar gida, na wanke kwata, in ta fito in durƙusa har ƙasa. Ba da jimawa ba ciki ya bayyana, sai ɗakin ya ƙara zame mini abin tsoron rasawa, don a can nake ganin zan haihu.

Gidan cike yake da 'yan haya, yawanci namu Musulmi. Da safe ka ji dakan fufu daga ɓangaren Maame, tim, tim, ka ji ƙarar bokitai a famfo, ga ƙamshin wake da shinkafa daga tukunyar Inna Talatu. Ita Inna Talatu a Kumasi aka haife ta, uwarta ma haka, tana jin Asantanci kamar ruwa, kuma irinsu suna kallon mu sababbin zuwa kamar kajin da aka kwance daga kwando. Amma ni ta ja ni a jiki. Ita ta nuna mini inda ake sayen gawayi, ta koya mini gaisuwar Asantawa, tana kirana 'yata. Hausarsu ta nan ba ta raba mace da namiji, sai ta ce mini, "'Yata, kai baƙo ne, komai ka tambaye ni." Tana da ɗa saurayi da aka sa wa ranar aure, yana kwana a barandarta don ba ɗaki. Na san da wannan, kowa ya sani. Ban taɓa haɗa shi da kaina ba, don ni a lokacin duk wanda ya yi mini murmushi ɗan'uwana ne.

Sai 'yar Maame, Afiya, ta haihu, ɗa namiji, na fari. Aka ce ranar takwas za a fito da shi tsakar gida da sassafe a raɗa masa suna, kuma duk 'yan haya za su zo. Na ga ranar da mahaifiyata ta faɗa ta zo. Amma don kada in yi kuskure, na kira Inna Talatu ɗakina, na buɗe akwati, na shimfiɗa mata abin da nake da shi: atamfofi biyu da suka fara koɗewa, wani saƙi mai zanen zabo, sai turkudin da baragen. Ta ɗaga turkudin ta juya shi a hasken taga, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan ne. Da jan a kai. Maame zai ji daɗi paa, sosai da sosai. Amma kar ka fito da wuri, bari kowa ya zauna tukuna, a gan ka da kyau." An ce matambayi ba ya ɓata. Wanda ya faɗi haka bai tambayi Inna Talatu ba.

Na bi maganarta. Na zauna a ɗaki ina jin hayaniya tana ƙaruwa, na sa kwalli, na ɗaura zanen a saman cikina, na naɗa jan kallabin, na fito. Tsakar gidan fari fat. Maame da fari, Afiya da fari har da farin dutsen wuya, danginsu da suka zo daga ƙauye duk fari, Inna Talatu ma farin leshi ta sa da farin mayafi. Na ga haka, amma sai na ɗauka yayi ne suka yi ba su gaya mini ba, kuma a raina na ce nawa ya fi nasu tsada. Magana ta ɗauke. Ni kuwa na zaci kyau na yi. Na ratsa su har gaban mai jego, na yi abin da ake yi a garinmu, na miƙa hannu na ɗauki jaririn daga cinyarta, na tofa masa addu'a, na ce Allah ya raya. Sai wata tsohuwa ta ƙwalla ƙara ta ɗora hannu a ka. Afiya ta fizge ɗanta. A jikin farin zanen da aka naɗe shi a ciki ga shatin yatsuna, shuɗi mai duhu, da wani babban tabo inda ya jingina a ƙirjina. Maame ta miƙe, ta nuna ni ta ce, "Wa ya mutu? Faɗa mini! Wa ka zo binnewa a gidana?"

A ranar na san cewa a wajen Asantawa jan zane sunansa kobene, kuma shi da baƙi ba a haɗa su sai in mutuwa ta shigo gida, mutuwa ta kusa mai zafi. Fari shi ne na haihuwa, na warkewa daga ciwo, na wanda ya ci nasara a shari'a. Na juya ina neman Inna Talatu da ido don ta yi magana. Ta tafa hannu tana salati, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ni ma na yi mamaki! Mutanen daji, ba su tambaya." Sannan ta maimaita da Asantanci. Har yau in na tuna fuskarta a wannan safiya zuciyata tana tafasa, alhali Inna Talatun ta daɗe a kabari. Ban yafe mata ba. Malamai sun yi mini wa'azi a kai har sun gaji.

Maigidana ya ɗauko dattawan rumfa suka je suka durƙusa wa Maame. Suka ce baƙuwa ce, rashin sani ya fi dare duhu. Na ce a faɗa mata Inna Talatu ce ta zaɓa mini, dattawan suka ce in rufe bakina, yarinya ba ta ƙaryata babba, kuma wa ya gani? Maame ta saurare su ta gama ta ce mu zauna, amma idonta yana kan jikanta. Daga nan zamana a ɗakin ya rataya a kan numfashin jaririn da ba nawa ba. In ya yi tari, in tashi zaune. In ya yi kuka, in kasa kunne har ya yi shiru. Afiya ta wanke zanen nan da sabulu da lemun tsami, tabon bai fita ba, sai ta shanya shi a igiyar da ke daidai ƙofata ta bar shi a can. Yaran gida suka sa mini suna Kobene, iyayensu suka karɓa. In na zo famfo mata su janye 'ya'yansu, kuma waɗannan mata namu ne, masu salla biyar, masu cewa camfi haramun ne. Maigidana ya sayo mini farin alawayyo ya ce in ɗinka, in an sake wani taro in fita kunya. Na ajiye shi a akwati ina jiran taron.

Yaron ya yi 'yan watanni, sai zazzaɓi da gudawa suka kama shi, irin wanda yake kwashe yara da yawa a lokacin. Na yi masa addu'ar da ban yi wa kaina ba. Wata safiya, maigidana ya riga ya tafi rumfa, na ji motsin gidan ya canja, ba daka, ba ƙarar bokiti. Wata yarinya ta leƙo ta ce ɗan Afiya ya rasu. Na zauna a bakin gado ina kuka, ina tunanin abin da zan yi. In na ƙi fita, a ce na ji daɗi. Ba ni da wanda zan tambaya, don na daina tambaya. Sai na yi lissafi da ɗan karatun da na samu: sun ce baƙi da ja na mutuwa ne, to ga mutuwa ta zo. Yau dai ba zan yi kuskure ba. Na ɗaga alawayyon na ajiye gefe, na zaro turkudin da baragen daga ƙasan akwati, na sa, na fita yi musu ta'aziyya hawaye na zuba.

Na same su da fararen kaya. Afiya tana zaune a kan kujera an shafa mata farar ƙasa a hannu, an ajiye mata abinci a gaba, idonta a bushe kamar na wadda aka dasa. Ba mai kuka ko ɗaya. Ban sani ba ashe in ma'aurata suka rasa ɗansu na farko ba a yi masa makoki. Fari ake sawa, a hana uwar kuka, a nuna wa mutuwa ba ta ɗauki komai ba, don kada ta ji daɗin gidan ta dawo. Ga ni nan tsaye a tsakiyarsu da kayan da suka ce na kira mutuwar da su, ina rusa kuka, ina yi mata maraba ta biyu. Garin neman gira na rasa ido. Afiya ta ɗauki kwanon abincin ta jefe ni da shi, ya same ni a ciki. Maame kuwa a hankali ta yi magana, abin da ya fi ihun farko ban tsoro. Ta ce, "Kafin rana ya faɗi, kar in ga ƙafarka a gidana."

Wannan karon dattawa ba su zo ba. Maigidana ya dawo ya tarar da kayanmu a waje, ya dube ni ya dubi zanen, ya ce, "Kin kashe mu," bai ƙara ba. Muka zaga Alabar, muka je har Ayigya, ko'ina labari ya riga mu isa. Masu gida su ce ba ɗaki, wasu ma ba sa ɓoyewa, su ce ba sa son Kobene kusa da 'ya'yansu. Muka ƙare a rumfar goro, a wani lungu bayan huhuna da aka kare mini da buhu. Goro ba ya son bushewa, kullum cikin yayyafa masa ruwa ake, ƙasan wajen ba ta taɓa bushewa ba, ga damina ta sauka, rufin kuwa kamar rariya. A nan na haihu, namiji, ƙarami, da hannun wata tsohuwa mai sayar da koko da ta ji tausayina. Ya zo da kuka mai ƙarfi, sannan sanyi ya kama masa ƙirji. Ina rufe shi da duk abin da nake da shi, har da turkudin, shunin ya sauka a jikinsa. Bai kai suna ba. Da aka nemi likkafani, maigidana ya buɗe akwatina ya yagi alawayyon nan da ban taɓa ɗinkawa ba.

Washegari da hantsi ina zaune a kan tabarma mai danshi, nonona ya cika yana zuba, sai na ga mutum ya sunkuyo ya shigo ta tsakanin huhunan goro. Maame ce. Fari ta sa tun daga kai har ƙafa, sabo, mai sitaci, tana tattare bakinsa don kada ya taɓa laka. Ta tsaya ta dubi rufin, ta dubi kwanonin da na jera ina tarar ruwa, ta dube ni. Ta zaro farin kallabi daga jakarta ta ajiye mini a cinya. Ta ce, "Due, sannu da haƙuri. Na ji labari. Ɗaura wannan. Kar ka yi kuka, na fari ne. In ka yi kuka mutuwa zai dawo." Na dubi farin nan nata, na san shi ne na ta'aziyyar ɗan fari, na kuma san shi ne na wanda ya ci shari'a, kuma har ta mutu ban san da wanne ta zo mini ba. Amma a lokacin wani ɗan bege ya motsa a raina, na ce ai yanzu mun yi daidai, ta rasa na rasa. Na haɗiye kukan kamar yadda ta ce, na ɗaura kallabin a gabanta, na durƙusa na kama ƙafarta.

Na ce, "Maame, ɗakin fa?"

Ta janye ƙafarta, ta kaɗe bakin zanenta inda hannuna ya taɓa. Ta ce, "Ɗan Talatu ya shiga da amarya. Ya yi fenti ma, bulu. Ya yi kyau paa."